Shafukan da Ban Kwafa Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya san abin da alƙalami ya rubuta da abin da ya tsallake. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Zaurena yana jingine da katangar makarantar firamare, saboda haka ko ban yi niyya ba darasi yana iske ni har kan buzuna. Kwanakin baya da hantsi ina zaune ina fiƙe alƙalami, sai na ji wata malama tana ce wa ajinta, "Kowa ya buɗe shafin farko, inda aka jera abubuwan da ke ciki. Wa zai gaya mini a shafi na nawa ake maganar sauro?" Aji ya kaure, kowa na rantsuwa shi ya riga faɗa. Ta ce, "To, ku je can. Amma kada wanda ya fara karatu sai ya dubi hoton, ya karanta ɗan rubutun da ke ƙarƙashinsa." Na ajiye askar. Abin da take koya wa 'yan shekara tara a safiya ɗaya, ni sai da na binne ƙanena na koye shi. An hana mu yawan cewa da na sani, kuma ina yin iyakar ƙoƙarina. Amma ba a hana mu faɗin yadda abu ya faru ba.

Mu da muka yi karatu a gaban Malam, Allah Ya haskaka kabarinsa, littafi a wurinmu warƙa-warƙa ne a cikin gafakar fata, ba ɗinki, ba lambar shafi. A lokacin ruwan kanal bai gama isowa gonakinmu ba, rani kuwa na karatu ne. Da asuba abin da kake ji shi ne ƙarar guga a rijiya da taɓare a bayan katanga, sai ƙarar alƙalamin kara yana gogar takarda. Mu muke dafa tawada da ƙaro, mu muke share zaure, mu muke shimfiɗa wa Malam buzu. A kowace warƙa akwai matani a tsakiya, da manyan baƙaƙe, shi ne maganar mai littafi. A gefe kuma akwai ƙananan rubuce-rubuce, wasu a karkace, wasu a kife, waɗanda ɗaliban da suka riga mu suka ƙara. Su muke kira hashiya. Malam yakan ce, "Matani shi ne mai gida. Na gefen nan baƙi ne, in kun sami sarari ku gaishe su." In aka ba ka littafi ka kwafa, matani kake kwafa. Warƙar farko yabo ne da salati, ta ƙarshe sunan wanda ya kwafa ne da roƙon a yi masa addu'a. Littattafan ɗab'i da suke zuwa daga Masar suna da fihirisa a baya, wato jerin kalmomi da shafukansu, amma Malam ba ya son ganinmu a can. Cewa yake, "Daga farko ake shiga littafi, a gaban malami. Mai tsallake-tsallake ba ilimi yake nema ba, abin faɗa a taro yake nema."

Ba na zargin Malam, ko kusa. A wancan karatun ba mu rasa kome ba, domin shi yana nan zaune. In kalma ta gagare ka, shi zai fassara. In kana neman inda aka yi maganar alwalar mai rauni, zai ce ka koma baya warƙa uku. In wuri mai haɗari ne, muryarsa za ta sauya, ya maimaita sau biyu. Abin da ban gane ba, har gemuna ya cika, shi ne littafin boko yana zuwa ba malami. Sai masu yin sa suka raba aikin malamin, suka sa wani a gaba, wani a baya, wani a cikin akwati, wani a ƙarƙashin hoto. Wanda ya cire waɗannan ya kori malamin ne, ya zauna da takarda.

Da ruwa ya wadata, rani ya daina zama na hutu. Daga Kura har Bunkure ƙasa ta koma kore shar, kwaɗi suna kuka a watan da a da ko tsuntsu ba ya samun abin sha, hanyar Kadawa kuwa kwandunan tumatir ne jere har inda ido ya tsaya. Zaure ya rage mutane. Ni na riƙe karatu da koyarwa, ƙanena ya riƙe gonakinmu biyu. Auta muke ce masa, don daga shi mahaifiyarmu, Inna, ba ta sake haihuwa ba. Dogo ne, mai ƙarfi, mai dariya tun daga ƙofar gida. Karatu bai zaunar da shi ba, amma in ya shiga tumatir sai ka ce da shi suke magana. Yakan ce mini, "Yaya, kai ka nema mana lahira, ni zan nema mana miya."

A shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, lokacin da mutum ɗaya ne yake da ita a garinmu, tsutsa ta faɗa wa tumatir. Ka ɗaga ɗa mai kyau ja wur, ka juya shi, ka ga rami. Mutane suka yi ta sayen magani a kasuwa, kowa da awonsa, wani ya ƙone ganye, wani ya yi feshin banza. Sai malamin gona, wani mutumin kirki mai tsohon babur, ya zo da littafi cikin Hausar boko, mai bayanin kowace tsutsa da maganinta. Kwafi ɗaya gare shi, garuruwa da yawa kuma suna jira. Ya ce zai bar mana kwana uku. Manomanmu mafi yawa ajami suke karantawa, ni kuwa na ɗan koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, ina bi a hankali kamar mai tafiya a laka. Dattawa suka ce, "Malam, a juya mana shi." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na dafa sabuwar tawada.

Na zauna na dubi littafin da idon da aka raine ni da shi. Shafukan farko jerin layuka ne da ɗige-ɗige da lambobi, na ce wannan gabatarwa ce, na wuce. Na baya jerin kalmomi ne, na ce fihirisa ce, ba ta masu karatun gaskiya ba, ban ko buɗe abin da ke tsakaninta da babin ƙarshe na tsutsa ba. Na kama tsakiya. Ran nan Auta ya shigo da laka har gwiwa, ya tsuguna yana leƙe. Ya sa yatsa a kan wani hoto ya ce, "Yaya, wannan dodon fa? Ya rufe baki, ya sa takalmin roba, ga safar hannu, a wannan zafin. Fashi za shi ko gona?"

Na ce, "Ado ne. Su ba sa iya littafi sai da hoto."

"To wannan ɗan rubutun na ƙasansa?"

"Ɗauke hannunka, za ka ɓata wa mutane kaya."

Ya matsar da yatsan zuwa wani akwati da aka zagaye da jan layi a gefen shafi. "Wannan kuma me ya yi aka kulle shi?"

Na ce, "Hashiya ce. In na tsaya kwafar hashiya, kwana ukun ba za su isa ba."

Ya yi dariya ya miƙe. "Kai dai ka rubuto mini murfi nawa ake zubawa. Sauran na yafe."

Haka na yi. Sunan tsutsa, kamanninta, sunan magani, murfi nawa a tankin feshi, kwana nawa tsakani. Akwai wani ɗan tauraro da ake sa wa a kan sunan wasu magunguna, na ɗauka ƙawa ce irin wadda muke yi da jar tawada, na bar shi. Allah Ya sani ban yi kuskuren harafi ɗaya ba a abin da na kwafa. Rana ta uku malamin gona ya karɓi littafinsa, ni kuma bayan la'asar na karanta wa jama'a nawa a zaure. Aka yi ta sa albarka.

Ranar da abin ya faru, layin ban ruwanmu ya faɗo da safe. Auta ya ƙare safiyarsa a bakin kanal yana jan ruwa, sai da rana ta take ya goya tanki. Zafin bazara ne, irin wanda ƙarfe ba ya taɓuwa. Murfin tankin ya tsage, magani yana tsiyaya ta bayansa, rigar ta jiƙe sharkaf. Maƙwabcin gonarmu ya ce ya yi masa magana, ya amsa masa da cewa sanyi ma yake ji. Ana kiran azahar aka shigo da shi gida a amalanke. Gumi yana zuba kamar an kwara masa ruwa, yawu yana dalala, naman fuskarsa yana rawa shi kaɗai. Na duba idonsa, baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ya gan ni ya yi ƙoƙarin murmushi. Ya ce, "Yaya, tsutsar ta rama."

Inna ta fito ba mayafi. A garinmu, tun kakanni, wanda ya sha guba nono ake ba shi, a bi da manja. Ta aika aka tsayar da mai nono a hanya, ta juye ƙwarya guda. Ta ɗora kansa a cinyarta tana ɗura masa da ludayi, tana cewa, "Sha, Auta, sha don Allah, haɗiye, ɗan albarka." Yana haɗiyewa yana sarƙewa. Da ya fara karkarwa muka lulluɓe shi da bargo, a cikin rigar nan. Ni na ruga zaure na ɗauko warƙoƙina. Na bi su daga farko har ƙarshe, na sake bi. Tsutsa, tsutsa, murfi biyu, murfi uku. Babu kalma ɗaya a kan mutum. Na ce a raina, ashe littafin bai yi maganar wannan ba. Na ɗauki allo na yi masa rubutu, na wanke, muka ba shi. Muka zauna jiran sauƙi.

Sai bayan la'asar, da numfashinsa ya koma kamar ana tafasa ruwa a ƙirjinsa, muka tsayar da motar tumatir. Muka kwantar da shi tsakanin kwanduna zuwa asibiti. Likitan ya ɗaga bargon, warin ya buge shi, ya ja da baya. Ya ce, "Tun yaushe yake cikin rigar nan?" Na ce tun kafin azahar. Ya ce, "Wane magani ne? Ina kwalbar?" Kwalba tana gona, ba wanda ya tuna da ita. Na faɗi sunan daga kaina. Suka yaga rigar, suka wanke shi, suka yi ta allura. Sun yi iyakar yinsu, ina shaida. Kafin rana ta faɗi Auta ya cika, hannunsa a cikin nawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ran sadakar uku malamin gona ya zo ta'aziyya. Da aka shafa fatiha na ja shi gefe, ƙarƙashin darbejiyar bayan masallaci. Na ce, "Littafin yana tare da kai?" Ya ce yana jaka. Na ce, "Ina so in sani, me ya sa masu littafin suka yi maganar tsutsa kaf, ba su ce kome ba a kan wanda ya goyi tanki?"

Ya dube ni. Ya ce, "Malam, a bar maganar nan. Ƙaddara ta riga ta wuce."

Na ce, "Na yi imani da ƙaddara. Buɗe."

Ya buɗe shafin farko, wanda na wuce. Ya sa yatsa ya gangaro, ya tsaya a layin kusa da ƙarshe. Na haɗa baƙaƙen a hankali: abin da za a yi idan magani ya taɓa mutum. Ɗige-ɗigen suka kai idona ga lamba. Ya juya zuwa lambar, numfashi biyu bai yi ba ya isa. Shafi guda ne cur, can baya, kafin jerin kalmomi. A cire masa tufafi nan take. A wanke shi da ruwa da sabulu. A kai shi asibiti ba jira, a tafi da kwalbar. Sai layi na ƙarshe da baƙaƙe masu kauri: kada a ba shi nono, kada a ba shi mai, domin suna taimaka wa gubar ta shiga jiki.

Na zauna a kan saiwa. Ya tsuguna kusa da ni, kuma da yake na roƙe shi, ya nuna mini sauran. Tauraron da na ɗauka ƙawa, ashe yana aika mai karatu ƙasan shafi, inda aka ce wannan maganin yana shiga ta fata. Akwatin mai jan layi, wanda Auta ya ɗora wa yatsa, cewa yake kada a yi feshi da tsakar rana, kada a goyi tanki mai yoyo. Dodon da muka yi wa dariya, rubutun ƙasansa yana faɗin dalilin kowane abu da ya sa a jikinsa. A fihirisa ma, da na nemi kalmar nono kawai, da ta kai ni. Ƙofa biyar aka buɗe wa mai neman wannan shafin, ni kuwa na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe, da alwala a jikina.

Ya ce, "Laifina ne, Malam. Da na zauna na nuna maka. Na ɗauka duk wanda ya iya karatu ya san wannan."

Na ce, "Ni ma na ɗauka na iya karatu."

Ya bar mini littafin mako biyu. Na sake kwafa daga bango zuwa bango. Na sa wa warƙoƙi lamba, abin da ban taɓa yi ba. Na zana akwatunan da jar tawada, na yi tauraro inda suka yi, har dodon na zana iya iyawata. Shafin bayan nan kuwa na maido shi gaba, bayan bisimilla. Tun daga lokacin, duk littafin da ya shigo zauren nan, na fiƙihu ne ko na kiwon kaji, ba ma fara shi sai mun zagaya shi tukuna. Nakan ce wa ɗalibaina, waɗanda yawancinsu magidanta ne, mu ga me ya ce yana ɗauke da shi, ina ya ajiye ma'anar kalmominsa, me ya kulle a akwati. Wasu abokan karatuna suna ganin na saki hanyar Malam. Yanzu kam littattafai sun yi yawa, malamai masu zama da ɗalibi shekara goma sun yi kaɗan, zauruka da yawa sun koma shagon caji. Ina kewar wancan zamanin har cikin ƙashina. Amma ɗalibin yau shi kaɗai yake zama da littafinsa, kuma gara ya san inda aka ajiye masa gargaɗi.

Saura Inna. A kwanakin zaman makoki, duk matar da ta shigo sai ta ce mata, "Alhamdu lillahi, ban bar shi haka ba. Ƙwarya guda na ba shi da hannuna. Kwana ne ya ƙare." Da wannan take samun barci. Bayan sadakar bakwai na shiga wurinta da safe, na iske ta tana tsintar shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaya mata cewa a littafin akwai gargaɗi, ni ne ban kwafa ba. Na faɗi maganar rana, da ta tanki, da ta riga, da ta jinkiri. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

Ta ce, "Ka gani ka ƙi rubutawa?"

"Na gani, Inna, ban karanta ba."

"To kai ka halicci ajali? Tashi daga durƙuson nan. Na yafe maka, shi ma na san ya yafe, ba ya riƙo." Ta zubar da tsakuwar da ke tafinta. Har na yunƙura, sai ta ce, "Malam." Haka take kirana tun da na sauke, ba ta faɗin sunana. "Nonon da na ba shi fa? Littafin ya yi maganarsa?"

Na dubi hannun nan da ya riƙe ludayin. Tunda na yi wayo ban taɓa yi mata ƙarya ba. Na ce, "Ban ga inda ya yi maganarsa ba, Inna."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsinta.

Amma shafin ba na ɓoyewa ba ne, akwai 'ya'yan wasu a gona. Ranar Juma'a na karanta shi a zaure da babbar murya, har layin ƙarshe, na kuma ce kowa ya gaya wa iyalinsa. Garinmu ƙarami ne, magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Ban sani ba ko ta kai mata, ba ta tambaye ni ba, ni ma ban tambaye ta ba, har Allah Ya karɓi ranta bayan shekaru. Ina neman gafarar ƙaryar nan a kowace sujada. Abin da na sani kawai, ta daina ba mata labarin ƙwaryar. Kuma Inna, wadda tun muna yara ba ta wuni sai da fura, duk ranar da mai nono ta yi sallama a ƙofar gida, daga cikin ɗaki za ka ji muryarta a hankali tana cewa, "A kai kasuwa."